Tambaya da Amsa: Gidan da ke cikin littafi da gidan da muke kwana

Wasiƙun wannan fitowa duk sun faɗa kan littattafan zaman iyali: na kishi, na gado, na gidan gandu, na rayuwar ƙananan garuruwa. Mun zaɓi biyar mun taƙaita su, masu gyaran rubutu na wannan fili suka amsa.

Tambaya, daga wata mai karatu a unguwar Zariya, Maraɗi: Assalamu alaikum. Ni mai son littattafan Hausa ce, kuma yawanci a waya nake karantawa. Abin da ke damuna shi ne, ko marubuciya ta ce labarin gidan talaka ne a ƙauye, kafin in kai shafi na goma sai in ji wannan ba irin gidanmu ba ne. Na kasa gane inda matsalar take. Kuma sau da yawa sai na biya kuɗi nake ganewa. Mene ne dalili, kuma yaya zan gane mai kyau kafin in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kike ji gaskiya ne, kuma yana da dalili. Yawancin littattafan da ke faɗuwa a wannan fanni, a wajen gidan suke faɗuwa. Marubucin ya san wa ke son wa, ya san wa ke ƙin wa, amma bai san ɗaki nawa ne a gidan ba, bai san inda randa take ba, bai san wa ke ɗebo hatsi daga rumbu ba, balle wa ke da girki ranar da aka yi faɗan.

Shafukan kyauta da ake saki kafin a ce a biya sun ishe ki gwaji. Bayan babi uku, ki tambayi kanki: in an ba ni takarda, zan iya zana gidan nan? Zaure, tsakar gida, turaka, ɗakunan mata, madafa, makewayi, turken awaki. Wannan ba ƙawa ba ce. A gidan mata biyu, wadda ƙofarta ke kallon turaka ita ke ganin wa ya shiga da abin da ya riƙo. Wadda ke kusa da zaure ita ke fara jin sallamar baƙo. Rabin rigimar gida daga nan take tashi. Marubucin da bai gina gidan a ransa ba, dole ya nemo rigima daga waje, shi ya sa boka da asiri suke shigowa tun babi na biyu.

Sai kuɗi. "Alhaji babban ɗan kasuwa ne" ba amsa ba ce. Kasuwar me? Mai sayen wake, riɗi ko aya a lokacin kaka ya ajiye sai farashi ya tashi, gidansa daban yake da na dillalin dabbobi, daban da na mai fiton kaya tsakanin Ɗan Isa da Jibiya. Irin wannan na ƙarshe, tukunyar gidansa ta san lokacin da Nijeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ta kuma san rufewar da ta biyo bayan Yulin 2023. In naira ta faɗi, akwai gidan da ke murna a Maraɗi, akwai gidan da ake rage awo. Haka matan: wadda ke tuyar ƙuli-ƙuli tana sayar da man gyaɗa, wadda ke dama fura ƴarta na kai talla, wadda ke kiwon rago don Layya, wadda ke jiran ɗaukar adashe. In kin gama babi uku ba ki san inda kuɗin cefane ke fitowa ba, sauran littafin ma ba za ki sani ba.

Abu na uku, ki duba ƙananan mutane: ƴar aiki, almajirin gida, tsohuwa mai aike, ƙanin miji. Suna da wata bukata tasu, ko an ajiye su ne kawai su kai gulma daga ɗaki zuwa ɗaki?

Dalilin yawan wannan rauni yana cikin yadda ake yin littafin. Tun zamanin littattafan kasuwar Kano, daga tsakiyar shekarun 1980, marubuci ne ke biyan maɗaba'a da aljihunsa, shi ya sa ake raba labari na 1, na 2, na 3, cinikin na farko ya buga na biyu. Yau tsarin ya koma WhatsApp da Wattpad, ya ƙara tsanani. Ana sakin babi kusan kullum, ba a komawa baya a gyara, babu edita, kuma masu sharhi a zauren WhatsApp su ke jan akalar labarin: in sun ce a ƙara wa kishiya mugunta, gobe an ƙara. Dole kuma a kai labarin ƙololuwa daidai inda shafukan kyauta suka ƙare. A irin wannan tsari ƙauye wurin tashi ne kawai. Yarinya ta sha wahala shafi goma, motar mai kuɗi ta tsaya a bakin rijiya, labari ya koma Abuja. Ba laifi ba ne a rubuta wannan, masu sonsa suna da yawa, amma kada a kira shi labarin ƙauye.

Kafin ki biya, ki tambaya ko an kammala littafin, domin wanda ake rubutawa ana sayarwa yakan tsaya a hanya. Ki nemi a nuna miki babi guda daga tsakiya, can ne ake ganin ko marubucin na riƙe da zarensa. In kuma da naira aka sa farashi, ki daidaita da mai karɓa kan canjin ranar kafin ki tura sefa.

Tambaya, daga wani malamin makaranta a Tasawa: Na karanta wani littafi da aka ce a wani gari na Nijar labarin ya faru. Mai gida ya rasu, uwargida ta kwashe rabin dukiya wai haƙƙinta ne, amarya ta kai ƙara wurin Hisba. Raina ya ɓaci na ajiye shi. Ni ne mai tsanani, ko marubuta ne ba su bincike? Kuma don Allah, kishiya ba ta da wani hali sai mugunta?

Amsa: Malam, ba ka yi tsanani ba. Kuskure biyu ne a jimla guda. Nijar ba ta da Hisba, ba ta kuma da kotunan shari'ar Musulunci irin na Kano ko Katsina. A nan, aure da saki da gado da rikicin gona al'ada ce ke hukunci a kansu, kuma al'adar Hausawan wannan yanki fiƙihun Malikiyya ne haɗe da abin da aka gada. Ana farawa da dattawan gida da malamin unguwa, sai mai unguwa ko mai gari, sai fadar sarki, inda ake sulhu a rubuta takarda. In ya gagara a tafi kotu, alƙali ya zauna tare da masu ba shi shawara kan al'ada. Kowane mataki a nan fage ne na labari, da mutanensa da irin maganarsu. Wanda ya tsallake su ya ɗauko Hisba daga Kano ya yi asarar babi huɗu masu daɗi.

Batun rabi kuwa, ga lissafin. Kafin a taɓa gado ana fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi (har da sauran sadakin da bai biya ba), sai wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. A ce bayan haka an sami sefa 2,400,000. Mamacin ya bar mata biyu, mahaifiya, ƴaƴa maza uku da mata huɗu, mahaifinsa ya riga shi rasuwa. Matan biyu tumuni suke da shi, wato ɗaya bisa takwas, 300,000, su raba daidai: 150,000 kowace, babu fifikon uwargida ko da ta shekara talatin a gidan. Mahaifiya sudusi, 400,000. Saura 1,700,000 na ƴaƴa, namiji rabon mace biyu, kashi goma ke nan: kowace ɗiya 170,000, kowane ɗa 340,000. Da mamacin bai bar ɗa ko ɗiya ko jika ta wajen ɗa namiji ba, da matan rubu'i za su raba. Babu hanyar da matar aure ke kai wa rabi.

To amma a lura da abin da lissafin ya nuna. Ƙarfin mace a gidan gado yana ga yawan ƴaƴanta, musamman maza. In duk mazan ukun na amarya ne, ɗakinta ya tashi da fiye da miliyan guda, uwargida mai ɗiya mata ta tashi da ƙasa da haka, alhali ita aka tara dukiyar da ita. Ga labari nan, ba boka ba guba. Ƙari a kan haka, dukiyar ƙauye ba kuɗi ba ce a akwati. Gona ce, gida ne, shanu ne a hannun Bafulatani. Wa zai yi wa gonar kuɗi? Ɗiya mace za a yanka mata nata, ko za a ce ƴan'uwanta maza su riƙe suna ba ta damma a kaka? Gamanar da mai gida ya ba matarsa tana nomawa shekara ashirin, kyauta ce ko aro? A kudancin jihar Maraɗi, inda mutane suka yi yawa gonaki suka tsuke, wannan tambaya tana raba zumunci. Tumakin da ta kiwata a turken mijinta, da kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata, nata ne, ba su cikin gado, amma sai ta sami shaida.

Kan kishiya, muna tare da kai. Kishi na gaske a kan ƙananan abubuwa yake, kuma duk suna da ƙa'ida, shi ya sa karya su ke da zafi. Kwana bibbiyu aka saba rabawa. Amarya budurwa kwana bakwai take da shi, bazawara uku, sannan a koma rabo. Mai girki ita ke karɓar awo da cefane. To in mai gida ya yi tafiya Kano a kwanan wata, ya dawo a kwanan wata, tsarabar a ɗakin wa za a kwance? In tiyar da ake aunawa ɗaya ce, amma wannan ƴaƴanta bakwai waccan biyu, wa ke cika tukunya da kuɗin sana'arta? Marubucin da ya san waɗannan zai iya rubuta mata biyu masu hankali, masu sallah, kowace da gaskiyarta, kuma gidan ya ƙi zama lafiya. Zai kuma iya nuna abin da kowa ya sani amma littattafai ke ɓoyewa: kishiyar da ke yi wa abokiyar zamanta wankan jego, ko ta riƙe mata ƴaƴa bayan ta fita.

Ba sabon abu muke nema ba. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito tun 1990, kuma ƙarfinsa yana ga yadda ya bi Rabi, uwar ƴaƴa tara da miji ya kora bayan ya yi amarya, tana sayar da abinci tana riƙe gida. Lissafin tukunya ne ya riƙe littafin, har aka fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012.

Tambaya, daga wani uba a Gidan Rumji: Ɗiyata tana aji uku a kolej, kullum dare tana kan wayar uwarta tana karanta waɗannan littattafai. In hana ta?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Hani kai tsaye an gwada shi a babban mataki: a Kano an ƙona littattafai a bainar jama'a a 2007, kuma rubutun bai tsaya ba, waya ya koma, inda sa ido ya fi wuya. Damuwarku tana da tushe, domin a cikin abin da ke yawo akwai na batsa zalla, kuma yawanci a rufaffun zaurukan kuɗi ake sayar da su. Abin da ya fi amfani shi ne mahaifiyarta ko yayarta ta duba zaurukan da aka sa lambar a ciki, ta karanta babi biyu na abin da yarinyar ke bi, a fita daga wanda bai dace ba. A saya mata na takarda, wanda sunan marubuci da na maɗaba'a ke jiki. A kuma yanka lokaci: bayan ta gama aikin makaranta, wayar ta kwana a ɗakin uwa. Ku tuna kuma, yarinyar da ke karatu da Faransanci a aji, wannan ne kusan kawai wurin da take saba wa ido da rubutun Hausa. Shekara mai zuwa jarrabawar BEPC ta kammala kolej ke gabanta, wannan hujja ce da za ta karɓa ba tare da jin an tsane ta ba.

Tambaya, daga wata budurwa a Tibiri: Ina son in rubuta labarin gidan kakana, gidan gandu mai mutum sama da talatin. Amma duk littattafan da na karanta da Hausar Kano aka yi su. In na rubuta yadda muke magana, ƴan Nijeriya za su karanta? In na rubuta irin tasu, kakata ba za ta yi kama da kanta ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanwarmu, raba aikin biyu. Muryar mai ba da labari ki yi ta da daidaitacciyar Hausa, wadda mai karatu a Damagaram da Zariya da Kumasi zai bi ba tuntuɓe. Bakin mutanen kuwa ki bar musu abinsu, amma da awo. Ba a kwafe kowane lafazi; ana zaɓar alama biyu ko uku a riƙe su daga farko har ƙarshe. Kaka ta ce "munka tahi", "sunka zo", "mi kake so", "ɗiyata". Jikanta ɗan lise ya riƙa jefa kalmomin lakwal, wato makarantar boko, ya ce mushe (malami) ya kore shi. Ƙanin uba da ya shekara goma yana bida, wato ci-rani, a Legas ya dawo da wani baki daban, gida na yi masa dariya. In kin yi haka, mai karatu zai san wa ke magana ko ba ki faɗi suna ba. Abin da ke ɓata wannan dabara shi ne mantuwa: kaka ta ce "munka" a babi na 2, ta ce "muka" a babi na 9. Ki buɗe wa kowane mutum shafi a kaye, wato littafin rubutu, ki rubuta shekarunsa, alamomin maganarsa, da yadda yake kiran kowa a gidan.

Wannan na ƙarshe ya fi kome muhimmanci a gidan mutum talatin. Littattafan waya sun cika da Mami da Dadi da Anti. A gidan kakanki akwai Inna, Iya, Baba, Kawu, Gwaggo, Yaya. Mace ba ta kiran sunan mijinta, sai Malam, ko Alhaji, ko mai gida. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, tana ma nuna kamar ba ta damu da shi ba a gaban mutane. Yaron da ya ci sunan kaka, surukai ba su iya kiransa da shi, sai laƙabi. Taubasai suna wasa, kaka da jika suna wasa, kuma a cikin wasan ake faɗin gaskiyar da ba mai iya faɗa a zaune. Ranar da uwa ta kira ɗan farinta da sunansa a gaban jama'a, mai karatu Bahaushe ya san wani babban abu ya faru, ba sai kin yi bayani ba.

Kuɗi ma ki bar su yadda ake ƙirga su: dala sefa 5, dala ashirin sefa 100, jika sefa 1,000. Sau ɗaya kawai, a farkon littafi, ki sa wani ya biya abu a hanyar da baƙo zai gane ƙimar, daga nan ki wuce.

Sai kalanda, inda sababbin marubuta suka fi zamewa. Ki ja layi goma sha biyu na kowace shekarar labarin, ki cika watan boko, watan Musulunci, aikin gona, da halin kowace mace. Shuka da saukar ruwa, galibi a Yuni; noman farko da maimai a Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma hatsi ya fi tsada; girbin gero daga Satumba zuwa Oktoba, wake da gyaɗa su biyo. Bukukuwan manoma bayan kaka suke yawa, sannan samari su tafi bida, gida ya zama na mata da tsofaffi da yara har bazara. Makaranta daga Oktoba zuwa Yuni. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara: a 2010 cikin damina aka yi shi, Agusta zuwa Satumba, a 2024 kuwa Maris zuwa Afrilu, cikin zafi. Suna ranar bakwai, wankan jego kwana arba'in, haihuwar fari a gidan iyaye. Iddar saki tsarki uku, ta mai ciki sai ta haihu, takaba wata huɗu da kwana goma. Mun sha ganin rubutun da aka saki mace a wannan babi, aka ɗaura mata aure bayan sati biyu, ko aka yi shuka ana sanyin hunturu.

In labarin zai koma baya zamanin kakanni, ki jingina shi da abin da tsofaffi ke ƙirga shekaru da shi: ambaliyar 1945 da ta sa Maraɗi ta tashi daga kwari ta hau tudu, zamanin cinikin gyaɗa da farin shekarun 1970 ya karya, yunwar 1984, karyewar darajar sefa a Janairun 1994, matsin abinci na 2005. Kada wayar salula ta shiga hannun kowa kafin shekarar 2000. Ki zauna da tsofaffin matan gidan ki yi ta tambaya, amma ki sauya sunaye da kamanni, ki haɗa mutum biyu su zama ɗaya. Tibiri ba ta da girman da za a ɓoye gida a cikinta.

Wajen rubutu, ki sa allon Hausa a waya (Gboard yana da shi) don ɓ, ɗ, ƙ da ƴ su fito. Ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 ƴ take amfani da shi, Nijeriya kuwa 'y. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai. Ki raba "ya ce", "ta zo", "ba ni". Kafin ki ɗauki gidan mutum talatin gaba ɗaya, ki gwada hannu da rana guda a cikinsa, kamar ranar rabon hatsi ko ranar da aka kawo amarya, a kalma 1,500. Gwargwadon gajerun labaran gasar Hikayata ke nan, wadda BBC Hausa ke shirya wa mata tun 2016, kuma ƴan Nijar na shiga.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: Na kammala labari mai kalma kusan 45,000 kan wani gida a Madarunfa. Ina son in gan shi a takarda. Me zan tanada, kuma me ke lalacewa a maɗaba'a?

Amsa: Barka da ƙoƙari, Malam. Kafin maɗaba'a, ka ba mutum biyu su karanta: ɗaya don labari, zai fi kyau mace mai aure daga yankin, ita za ta kama maka kuskuren girki da na kunya, ɗaya don ƙa'idar rubutu. Kada mutum guda ya yi duka biyun, ido ba ya ganin waƙafi in labari ya ja shi.

A girman A5, santimita 14.8 da 21, da harafi mai lamba 11 ko 12, shafi na ɗaukar kalma 270 zuwa 300. Naka zai kai shafi 160 ko kusa. Injin ofset, wato babban injin maɗaba'a, yana buga shafi 8 ko 16 a falle guda, don haka 160 ya faɗa daidai, 163 kuwa zai sa ka biya falle na ƙari. Ka rage ko ka cika. Takardar ciki mai giram 70 ko 80, bango mai giram 250 zuwa 300 da leda a kai. Shafi 160 a takarda mai giram 80 zai ba da ƙashin baya na kimanin milimita 8, ka gaya wa mai zanen bango tun farko, in ba haka ba sunan littafin zai zame gefe. Ka bar santimita 2 ta gefen ɗauri don kada gam ya cinye farkon layi.

Abu biyu suka fi lalacewa. Na farko haruffa masu lanƙwasa: ka kai rubutu a Word, kwamfutar maɗaba'a ba ta da irin harafinka, ƙ da ɗ su koma akwatuna ko su fito da wani fasali daban. Maganinsa ka yi amfani da harafin da ke da su duka, kamar Charis SIL ko Gentium, ka mayar da aikin PDF, ka duba manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ musamman a kanun babi da bango, can suka fi ɓacewa. Na biyu ɗauri. Littafi mai shafi 160 ya wuce a naɗe shi a buga masa ƙusa a tsakiya, sai gam, kuma gam maras kyau ba ya jure zafin bazararmu da ke haura digiri 40: ya bushe ya tsage, shafuka su zube. Ka nemi a ɗinke ko a buga ƙusa ta gefe kafin a sa gam. Ka karɓi kwafi guda na gwaji, ka buɗe shi sosai a tsakiya, ka karanta shi daga bango zuwa bango, sannan ka sa hannu a buga sauran.

Kan yawa, kada ka fara da dubu. Kwafi 50 zuwa 100 a injin dijital sun fi tsada ɗaiɗai, amma za su nuna maka ko akwai masu saye. Ofset ba ya fara sauƙi sai wajen kwafi 500. In za ka buga a Kano ko Zariya, ka haɗa da kuɗin mota da canjin naira kafin ka ce ya fi araha. Farashin sayarwa ya ɗauki kuɗin bugu, rabon mai shago, da kwafin da za su tafi kyauta ga malamai da dangi, waɗanda kullum sun fi yadda aka zata. Duk shagon da ka ba ajiya, a rubuta adadi da rabo da ranar lissafi.

Ka yi rajistar aikin a hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, kafin ka saki ko babi guda a waya. Ka kuma aika kwafi ga masu buga littattafan harsunan gida irin su Gashingo a Yamai. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya dace a tambaye su ko suna karɓar labarin manya, da sharuɗɗansu a rubuce. PDF ɗin da ka kai maɗaba'a kuwa kada ka tura wa kowa a WhatsApp, ko abokinka ne. Ka cire babi biyu ka yi musu fayil dabam don talla.